Jaka biyu a ƙofa: daren da na je kallon 'yan jita a Agadas

An ce mana ƙarfe takwas za a fara. Ni da na ɗauka idan an karɓi kuɗinka an ɗaura alkawari ke nan, bakwai da rabi na riga na sa hula ina jiran ɗan kawuna a zaure. Ya fito riƙe da butar shayi, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Yaya, ina zuwa da wannan sauri? Ai ko masu kiɗan ba su yi wanka ba tukuna." Na matsa masa, muka hau kabu-kabu, wato acaɓarsu ta can, muka isa takwas saura. Muka tarar da kujerun roba jibge a kusurwa, wani yaro yana yayyafa ruwa don ƙura ta kwanta, ga akuya kwance a kan dakalin da za a yi wasan. Sai goma saura kwata aka taɓa jita ta farko. Wannan shi ne ƙorafina na ɗaya, ko da yake ɗan kawun nawa ya ce laifina ne, wai duk ɗan gari ya san sai an yi lisha, an ci tuwo, an sha shayi, sannan ake maganar kiɗa.

Ba zan kama sunan wurin ba, saboda akwai ƙorafi a bakina, mutanen kuwa sun karɓe ni hannu bibbiyu. Gidan cin abinci ne da rana, yana da fili a baya mai katangar jar ƙasa, babu rufi sai sama, zai ci mutum ɗari biyu idan an matsu. Kuɗin shiga jaka biyu, wato sefa 2,000. Idan ka tsaya a ƙofa kana hango hasumiyar babban masallacin nan mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a 1515, da sandunanta a tsittsire kamar ƙayar bushiya.

Ziyarar dangi ce ta kai ni, na bi ta Damagaram da Tanut, amma tun a mota akwai abin da ke cin raina. Garin da ƙidayar 2012 ta ba shi mutum ɗan sama da dubu ɗari, wanda idan aka ajiye shi a Kano bai fi 'yan unguwanni ba, yaya aka yi yake fitar da masu jita da ake layi a Turai da Amurka don a gan su? Bombino daga nan ya tashi, faifansa na 2018 ya shiga takarar Grammy, babbar kyautar mawaƙa ta Amurka, karo na farko ga ɗan Nijar. Mdou Moctar a nan ya yi suna. Na so in ga tukunyar da ake dafa su.

Samari biyar ne suka hau dakali a daren, cikin shadda da rawani, biyu sun ja amawali har hanci. Jita uku, bes ɗaya, wato jita mai kaurin murya, sai mai saitin ganguna, wanda kujerarsa jarka ce aka ɗora wa matashi. Ba fitattu ba ne, 'yan unguwa ne, babbansu bai fi shekara 25 ba.

Kafin in yabe su, bari in gama da mai kula da sauti. Lasifika biyu gare su, ta hagu ta yage, duk sanda bes ya sauka ƙasa sai ta riƙa zuza kamar an kulle zirnaƙo a gwangwani. Makirfo ya yi ta fito har sau huɗu a waƙar farko. Yaron da aka ɗora a kan na'urar haɗa sautin dabara ɗaya ya sani, ya murɗa komai zuwa ƙarshe, don haka muryar mawaƙin ta nutse a ƙarƙashin jita, sai dai ka ga amawali yana motsi. Wanda zai je, kada ya zauna a gaba ta hagu. Ka ja kujerarka tsakiya, can baya kusa da mai shayi, nan ne sautin yake haɗuwa.

Da na koma can, sai na ji abin da na zo nema. Kiɗan yana farawa ne a sanyaye, jita ɗaya ta kama wata 'yar gajeriyar jimla tana juya ta, tana sake juya ta, ta biyu ta shigo ta cike gurbin da ta farko ta bari, ba ta taka mata ƙafa. Abin da ya faɗo mini a rai shi ne lugude, mata uku a kan turmi ɗaya, kowace taɓarya ta san lokacin saukarta. Sai ta ukun ta hau bisa, yatsun yaron suna gudu a wuyan jitar suna ɗan karkarwa a kan kowace tsirkiya. Mai ganga kuma munafuki ne, a hankali yake ƙara wuta ba ka sani ba, sai ka farga tafin da kake yi ya ninka sauri, ƙafarka tana buga ƙasa ba da izininka ba. Waƙa ɗaya takan kai minti goma sha biyar, ba wanda ya ƙosa. Kwatancen turmin nan ma ba nisa ya yi ba, domin tende, kiɗan gargajiyar matan Abzinawa, turmi ne ake rufe wa baki da fatar akuya a jiƙa ta, a zauna a kewaye ana tafi ana amshi. Wannan tafin da amshin ne suka biyo jita har kan dakalin siminti.

Waƙoƙin da Tamajak, harshen Abzinawa, ake yinsu, ban tsinci komai ba. Amma gaisuwa da kiran sunan masu liƙi duk da Hausa ne, irin tasu ta Agadas mai daɗin kunne, tunda ita ce harshen kasuwa da titi. Rawar ma ta ba ni sha'awa. Ba a cika fili a yamutse ba, mutum biyu ko uku ne ke fitowa, su buɗe hannuwa, babbar riga tana kaɗawa, ƙafa na tafiya kaɗan-kaɗan, in sun gaji su koma wasu su fito. Mai liƙi ya je ya manna jaka a goshin mai jita ko ya soke ta a rawaninsa.

Kusa da ni wani dattijo ne da ya zo da tabarmarsa, bai yarda da kujerar roba ba. Na ce, "Baba, kai ma kana zuwa irin wannan wuri?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, mu da muka saurari abin nan a ɓoye?" Daga nan ya kwance mini bakin jaka. Asalin kiɗan na matasan Abzinawan da bala'in fari na shekarun 1970 da 1980 ya kashe wa dabbobi ne, suka bazama Libiya da Aljeriya neman aiki, ake ce musu ishumar, daga kalmar Faransanci ta marar aikin yi. A can suka ɗauki jita suna waƙar kewar gida, kaset-kaset na yawo hannu zuwa hannu. Lokacin tawayen Abzinawa na shekarun 1990, wanda aka sasanta a 1995, kaset ɗin Abdallah Oumbadougou abin ɓoyewa ne, kuma har ya rasu a 2020 ana ganinsa uban masu jita a ƙasar. Da rikici ya dawo a 2007 hukuma ta sake sa wa jita ido, aka kashe biyu daga abokan kiɗan Bombino, shi ya tsere Burkina Faso. Bayan an yi sulhu ya dawo, a farkon 2010 ya yi wasa a gindin babban masallaci da amincewar Sarkin Abzin. Dattijon ya ce yana wurin, kuma ya ga maza masu furfura suna share ido da bakin rawani.

Yana cikin wannan labari aka ɗauke wuta. "Kuran ya tafi," in ji wani a baya. Ga ƙorafi na uku: injin wutar gidan babu mai a ciki, sai a lokacin aka tura yaro da jarka. Wurin da ke karɓar kuɗin ƙofa bai kamata ya jira duhu kafin ya tuna da mai ba. Amma minti ashirin ɗin nan su ne na fi tunawa. Mai ganga bai tsaya ba, ya ajiye sanduna ya koma da tafin hannu. Aka kunna fitilun waya. Wasu mata huɗu da ke gefe suka ɗauki amshi, ɗaya ta rangaɗa guɗa, babban yaron ya jawo wata tsohuwar jitar katako daga bayan dakali ya zauna a bakinsa, ƙafafu na lilo. A karon farko a daren na ji muryarsa, siririya ce mai ɗan kaushi. Da injin ya tashi, lasifikar hagu ta koma zuzarta, har na ji haushin dawowar wutar.

Can wajen sha ɗaya da rabi tsirkiya ta tsinke wa mai jan gaba. Na zaci za a tsaya. Ya juya baya, sauran suka ci gaba da juya kiɗan, ya zaro guntun ya ƙulla shi da wani guntu da ya ciro daga aljihu, ya ja da haƙori, ya ɗaure, ya murɗa yana kara kunne, ya dawo daidai kan gaɓa. Da na duba da kyau bayan an tashi, ƙulli biyu na gani a saman wuyan jitar, wato ba yau farau ba. Sabuwar tsirkiya sai an yi saƙo. Ai Mdou Moctar ma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar birkin keke. Shi kuwa akwai tamu a jikinsa: a Sakkwato ya naɗi faifansa na farko a 2008, da irin na'urar lanƙwasa muryar nan ta waƙoƙin finafinanmu, waƙoƙin suka yi ta tsalle daga waya zuwa waya a Sahara har suka faɗa kunnen wani Ba'amurke mai kamfanin Sahel Sounds.

Abinci ba shi da dogon labari. Balangun ya yi, shayin ya fi, zagaye uku a ƙananan kofuna da kumfa har baki. Lemon kwalba da ɗumi, kuma an ninka kuɗinsa. Banɗaki kuwa, ka gama uzurinka a gida. In lokacin hunturu ne ka tafi da bargo, sanyin Agadas da dare ba ya wasa.

Da aka tashi na tsaya gaisawa da yaran. Na tambayi babban ko kuɗin ƙofa na isarsu. Ya ce, "Wane kuɗin ƙofa, Alhaji? Mu liƙi ne namu. Nan talla muke yi." Ya nuna mini lambar waya da aka rubuta da farin fenti a jikin akwatin sautinsu. A nan na gane inda na yi kuskure tun farko. Na zo neman zauren kiɗa irin wanda ake sayen tikiti, alhali dandalin gaskiya a garin nan shi ne biki da suna. A toshe lungu, a shimfiɗa tabarmi, a jawo waya daga gidan maƙwabci, a yi tun la'asar. A can ake koyon hannu, a can ake gasa, a can ake samun na cefane. Makaɗan ƙungiyar Etran de l'Aïr, 'yan gida ɗaya daga unguwar Abalane, tun 1995 suke bin bukukuwa, sun fara ne da jita ɗaya da ƙwarya a cikin ruwa ana bugunta da takalmi, sai a 2018 faifansu ya fita waje. Irin wannan fili da na biya na shiga, da can masu yawon buɗe ido ne ke cika shi. Tun rikicin 2007 da sace Turawa a Arlit a 2010 suka ɗauke ƙafa, shi ya sa mai gidan ba ya ganin dalilin sayen sabuwar lasifika. Ban ba shi gaskiya ba, amma na ga inda lissafinsa ya tsaya.

Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne namu na gida. Bikin ƙarshe da na je a Kano, mawaƙin ya karɓi kuɗi masu kauri, ya miƙa wa mai na'ura waya, aka saki waƙar da aka riga aka naɗa, shi yana motsa baki yana nuna masu liƙi da yatsa. Ƙasar da ta yi Shata da 'yan kalangunsa, ta yi Ɗanmaraya da kuntiginsa. Su waɗannan yara kayansu duk ƙulle-ƙulle ne, amma duk sautin da ya shiga kunnena a daren, wani ne ya fitar da shi da yatsunsa a gabana.

To, a je ko kada a je? Baƙon da bai san kowa ba, kwana biyu kawai gare shi, ya je, jaka biyunsa ba za ta tafi a banza ba, sai dai kada ya fita kafin tara da rabi, kuma ya yi magana da mai kabu-kabun da zai dawo da shi, don mu sai da muka taka rabin hanya a ƙasa. Mai iyali ma zai iya zuwa da su, ban ga abin kunya ba, ko da yake matan ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba. Wanda kuwa yake da ɗan'uwa a gari, ya tambaye shi gidan da ake biki a makon. A ma'aunina wurin ya ci biyu cikin biyar, yaran sun ci biyar.

Muna fita na ga ɗan kawuna ya tsaya yana kwafar lambar nan ta jikin akwati. Matarsa na da tsohon ciki. Tun a bakin ƙofa suka fara ciniki, yaron ya ce jaka talatin da abinci, shi ya ce ashirin kuma man inji a kansa.