R2RML ko RML: amsa ga mai haɗa bayanan manoman Garwa da Marwa

Salamu alaikum. Malam, ka ce ƙungiyar manoman da kake wa aiki tana da bayanai wuri uku: rajistar mambobi a rumbun bayanai na PostgreSQL a ofishin Garwa da ke arewacin Kamaru, lissafin girbi a takardun Excel daga Marwa, da amsoshin da ma'aikatan ƙauye ke cikawa a waya da KoboToolbox. Abokan hulɗarku na Njamena suna so a haɗa su ƙarƙashin ontoloji ɗaya, wato tsarin da ke fayyace ma'anar kalmomi da dangantakarsu, kana tambaya wanne za ka koya, R2RML ko RML.

Aikinsu ɗaya ne. Kowannensu takarda ce da kake rubuta wa na'ura cewa layin nan na jadawali manomi ne, ga yadda za a gina masa lambar shaida mai kamar adireshin intanet, ginshiƙin nan sunansa ne, wancan ƙauyensu. Wannan takardar ita zan riƙa kira ɗauri. Abin da ke fitowa RDF ne, jimloli masu gaɓa uku: wane ya noma kaza. Da Turtle, wani salon rubuta RDF, ake rubuta su duka biyun.

R2RML shi ne yaya. Hukumar W3C, mai tsara ƙa'idojin yanar gizo, ta amince da shi a watan Satumba 2012, kuma rumbun bayanai mai jadawali kaɗai ya sani. Ko ka ba shi sunan jadawali, ko ka ba shi tambayar SQL, harshen tambayar irin wannan rumbu, ya ɗauki sakamakonta tamkar jadawali. RML ƙane ne, masu bincike a Jami'ar Gent da ke Beljiyam suka fito da shi a 2014 ta hanyar faɗaɗa R2RML. Shi za ka iya nuna masa fayiloli ma, irin su CSV, ko JSON ta JSONPath, ko XML ta XPath. Ba ƙa'idar W3C ba ce kamar yayansa, wani rukunin masu sa kai ne ke raya shi a ƙarƙashin hukumar, shi ya sa wani lokaci abin da manhaja ɗaya ta karɓa sai an taɓa shi kafin wata ta karɓa. Wanda ya iya R2RML ya riga ya ci rabin RML, don ginin iri ɗaya ne. In Turtle ya yi maka nauyi, akwai YARRRML, mai sauƙin karantawa, da ake juyawa zuwa RML.

Inda suka rabu da gaske shi ne inda bayanan za su kwana. Da R2RML kana iya amfani da Ontop, manhajar da aka fara a Jami'ar Bolzano ta Italiya. Ba ta kwashe komai. Ka yi tambaya da SPARQL, harshen tambayar RDF, ta mayar da ita SQL, PostgreSQL ya amsa. Mamban da aka yi wa rajista yau da hantsi zai fito a tambayar azahar. Kuɗinta kuwa shi ne dole kwamfutar Garwa ta kasance a kunne, da wuta da rezo, duk sa'ar da na Njamena zai yi tambaya, kuma ka fi ni sanin halin wutarmu a watan Maris da Afrilu. Da RML, hanyar da aka saba ita ce ka sa RMLMapper ko Morph-KGC ya juye komai cikin fayil guda, ka zuba a Apache Jena Fuseki, manhajar da ke ajiye RDF tana amsa tambayoyin SPARQL. Fayil ɗin zai bi ɗan filashin USB ya haye gadar Ngeli daga Kusuri ba ruwansa da rezo, amma hoton ranar da aka juye shi ne. Gyara ɗaya a Excel, sai an sake juyewa.

Yanzu bari in zauna kan abin da ya fi damuna, don na taɓa ƙonewa a kai. Na yi wa wata ƙungiya irin wannan aiki, ɗaurin ya tafi sumul, amma jimillar girbin dawa ta fito ƙasa da abin da kowa ya sani. Dalili shi ne takardar Faransanci ta rubuta sorgho, ma'aikatan Diyamare, yankin Marwa, sun rubuta muskuwaari da Fulatanci, wani ya rubuta masakwa, a Cadi kuma berbere suke ce mata. Na'ura ta ƙirga guda ta bar sauran. Ba harshen ɗauri ne ke warware wannan ba, ontoloji ne. A ciki za ka rubuta cewa masakwa, wadda ake dasawa a ƙasar laka da ake kira karal bayan damina, reshe ce ta dawa, haka jigarin damina ma reshe ne. Daga nan in aka nemi dawa, duka za su fito, in aka nemi ta rani kaɗai, masakwa za ta fito. Ontop na yin wannan da OWL 2 QL, ɗaya daga sassa uku na OWL 2, harshen rubuta ontoloji da aka fitar a 2009, wanda aka yanka daidai yadda za a iya mayar da tambaya SQL. Kada ka ƙirƙiro sunayen amfanin gona daga kanka, jingina su da AGROVOC, ƙamus ɗin kalmomin noma na hukumar FAO, sannan ka rataya sunayenmu na gida da SKOS, ƙa'idar da ke ba abu ɗaya sunaye da yawa. Protégé na Jami'ar Stanford kyauta ne, a ciki za ka zana ontolojin.

OWL 2 QL na da iyaka da za ta shafe ka. Bai yarda da dangantaka mai zarcewa ba: ƙauye na cikin arondisma, arondisma na cikin sashen Benuwe na Kamaru, Benuwe na cikin yankin Arewa, amma ba zai ƙarasa da kansa cewa ƙauyen na Arewa ba. Sai ka haɗa jadawalan a cikin SQL. A Fuseki kuwa SPARQL 1.1 na 2013 yana bin irin wannan sarƙa har ƙarshenta. Haka kuma da OWL 2 QL ba a iya cewa sunaye biyu na mutum ɗaya ne, don haka lambar mamba ta zama tilas a dukan takardun uku. Suna ba zai yi ba, Muhammadu nawa ne a Garwa?

Sai awo. Buhun albasa ba buhun masara ba ne, koron Njamena ba tasar Marwa ba ce. A ontolojin ka ware adadi daban, ma'auni daban, kada ka mayar da komai kilo tun wajen shigarwa. Jadawalin canji ya zauna gefe, shugabannin ƙungiya su sa masa hannu.

Tsabtace rubutu, irin Maroua da Marwa da MAROUA, a R2RML ɗan ƙaramin jadawalin sunaye ne da layin SQL biyu. A RML sai ka kira ayyukan FnO, ƙananan umarnin gyara rubutu, kuma ba kowace manhaja ke ɗaukar su iri ɗaya ba. Nan R2RML ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.

Da ni ne a kujerarka, Malam, zan riƙa sauke amsoshin Kobo a CSV, in zuba su da na Excel cikin PostgreSQL ɗin da kake da shi, in rubuta R2RML ɗaya. Ofis ya yi aiki da Ontop, ƙarshen wata kuma ka sa Ontop ɗin ya juye fayil ɗin RDF don Njamena, yana da umarnin yin haka. RML zai zama dole ne ranar da wani ya fara aiko maka JSON ko XML mai rassa da yawa wanda ba ya shiga jadawali da daɗi. Don Allah kuma ka bar ginshiƙin lambar wayar manoma daga cikin ɗaurin da zai haye kogin Logon zuwa Njamena, sai in su da kansu sun yarda.