Dankali, rogo ko doya: wanne za ka saya ka ajiye?

Idan sayayyar ajiya za ka yi, ni dai dankalin Hausa nake fara nema, musamman mai jan ciki. Launin nan nasa na ruwan lemo alama ce ta sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, kuma saboda aikin yaɗa irinsa aka ba masu bincike irin su Maria Andrade da Robert Mwanga kyautar abinci ta duniya a 2016. Ga shi yana daɗa zaƙi idan ya kwana biyu da tono, domin sitacin cikinsa na komawa sukari. Inuwa da iska kawai yake so. Kada ka kai shi firji: sanyi yana taurara masa ciki, ko an dafa ba ya nuna yadda ya kamata.

Rogo kwana biyu zuwa uku da tono ya fara baƙin zare a ciki, mai ɗacinsa kuma guba ne in ba a jiƙa an sarrafa ba. Doya tana ajiyuwa, amma sai ka fere za ka san abin da ka kwaso. Gwaza ga ƙaiƙayin maƙogwaro. Dankalin Turawa ba laifi, muddin bai yi kore ko tsiro ba, domin gubar da ke tare da koren nan dafuwa ba ta kashe ta.

Inda aka fi cutar mai saye shi ne a ƙasan buhu. An taɓa sayar mini da buhu manya a baki, gindin duk ruɓaɓɓe, shi ya sa yanzu sai an zazzage a gabana. Wasu suna shafe saran fartanya da laka, ta bushe kamar daga gona ta zo. Kankare da farce ka gani. Wasu suna yayyafa ruwa don nauyi da sheƙi, alhali danshin ne zai ruɓar da kayan a ɗakinka. Akwai masu karye tsiro su ce sabon tono ne. Duba idon, za ka ga tabon. A dankalin Hausa kuma nemi ƙananan huji kamar na allura: ƙwaro ne ya shiga, kuma wanda ya shiga ɗaci yake yi, ko ka yanke wurin warin na nan.

Ɗauki ɗaya ka auna a hannu, ka matsa bakinsa biyu. In ya yi sakwat ko ya lotsa, ajiye. Mai kayan da ya hana ka yanka ɗaya ka duba, wuce na gaba.