Sharhi: Masara mai aure mai jure cuta, bayan na noma ta

Sau da yawa ledar irin masara mai aure, wato wadda aka samu ta hanyar haɗa iyaye biyu mabambanta, takan zo ɗauke da rubutun "mai jure cuta". Tambayar da mai saye ya kamata ya fara yi ita ce: wace cuta? Babu irin da ke jure duka. Ni abin da ke cin gonata shi ne cutar tabon ganye mai ruwan toka, wadda kan fara daga ganyen ƙasa ta yi ta hawa sama, sai kuma cutar zanen ganye da wasu ƙananan ƙwari masu tsalle ke yaɗawa. Don haka na bar hoton dogon goyon da ke jikin leda, na nemi takardar da ta nuna makin irin a kan waɗannan biyun. Na ɗauki mai matsakaicin zango, wanda ke nuna cikin kwana 105 zuwa 110.

Tsiro ya yi kyau, babu giɓi sosai. Na ba da tazarar santimita 75 tsakanin kunya da kunya, 25 tsakanin rami da rami, ƙwaya ɗaya a rami, abin da ke ba da tushe kusan 53,000 a hekta, da iri wajen kilo 20. Tsayinsu ɗaya, sun fid da kai lokaci ɗaya, kamar an ja musu igiya. Ga mai noma don sayarwa wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin girbi ɗaya za ka yi.

Inda irin ya biya kuɗinsa shi ne bayan ya yi goyo. Na bar wasu 'yan kunyoyi na tsohon irina a gefe don in ga bambanci da idona. Da ruwa ya yi yawa, raɓa tana kwana a ganye har hantsi, sai tabon ya bayyana a duka biyun. To, a nan ne mutane ke ruɗewa, su ce an yaudare su. Juriya ba ta hana cuta zuwa, hana ta yaɗuwa take yi. A tsohon irin, tabon ya miƙe tsakanin jijiyoyin ganye, dogo mai kusurwa huɗu, ya haɗe da na kusa da shi har ganyen ya bushe ƙarau, ka taɓa shi ya murƙushe a hannu. A sabon kuwa ɗigo-ɗigo ya tsaya a ganyen ƙasa, na saman goyo suna nan kore shar har ƙwaya ta yi tauri. Waɗannan ganyen na sama su ne ke ciyar da ƙwaya. In suka mutu da wuri, tsaba ta motse, kara ma ya yi rauni ya kwanta da iska ta farko, domin shukar tana janye abincin da ke cikinsa ta kai wa goyo. Sabon irin bai kwanta ba.

Cutar zane kuwa, da ƙyar na ga tushe mai ita. Wannan ya fi komai faranta mini rai, don ita ba ta da maganin feshi. In ta kama yabanya tana ƙarama, ta tsumbure ke nan, musamman shukar da aka makara.

Amma kada kowa ya ɗauka ya huta da feshi. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda asalinta nahiyar Amurka ne kuma aka fara ganinta a Afirka a 2016, ba ruwanta da abin da aka rubuta a leda. Ta shiga, ta huda ganye, ta bar kashinta a maƙogwaron shuka, sai da na yi feshi da yamma. Ita ƙwaro ce, irin kuma an gina shi ne don cuta.

Sannan irin nan akwai ci. Inda na ba shi taki a kan kari, na farko bayan tsiro, yuriya kuma kafin ya fid da kai, ya nuna kansa. Wani lungu mai jigawa da ruwa ya wanke takin, ganye ya yi rawaya daga tsini, goyon bai fi na tsohon irin ba. Wanda ba shi da halin taki, gaskiya kuɗin irin zai tafi a banza.

Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne ɓawon goyo. A manyan goyon, ɓawo bai rufe baki ba, tsinin yana waje. Tsuntsu ya tsattsaga, ruwan ƙarshen damina ya shiga, wasu suka yi fumfuna. Mai sayen hatsi da yawa yana duba wannan, saboda gubar afilatoksin da fumfuna ke haifarwa. Dole na girbe da zarar ta nuna, na ware masu tabo kafin sussuka, na shanya har danshi ya sauka zuwa kashi 13 cikin ɗari.

Akwai kuma kuɗin da ke dawowa kowace shekara. Ba a ɗebe iri daga masara mai aure. In ka shuka 'ya'yanta, halayen iyayen sai su rarrabu: wata doguwa, wata gajera, amfani ya ragu, juriyar ma ba ta zama ɗaya a kowane tushe.

Zan sake saya, amma rabin gonar masarar baɗi zan ba shi. Ɗaya rabin zan gwada wani mai aure da ɓawonsa ke rufe baki, filin bana kuma waken soya zai shiga, tunda cutar tabon a busasshen ganye da karan masara take kwana ta jira wata damina.