Spartan ko Tough Mudder: Abin Dubawa Kafin Sayen Tikitin Tseren Laka

Duk wanda ke zaune a Amurka ko Ingila, ya kuma yi sha'awar shiga tseren da ake yi cikin laka da shingaye, kusan koyaushe sunaye biyu ne za su fara zuwa gabansa, wato Spartan Race da Tough Mudder. Dukansu sun fara ne a shekarar 2010, kuma tun 2020 kamfanin Spartan ne ya mallaki Tough Mudder, amma abin da mutum ke samu da kuɗinsa ba iri ɗaya ba ne.

Spartan gasa ce ta gaske, ana ɗaukar lokacin kowa, ana fitar da na ɗaya da na biyu. Mafi ƙanƙanta cikin manyan rukunoninta uku, Sprint, kilomita 5 ne da shingaye 20, sai Super mai kilomita 10 da shingaye 25, sannan Beast mai kilomita 21 da shingaye 30. Ana hawan igiya, ana ɗaukar buhun yashi a hau tudu da shi, ana jifa da mashi, ana rarrafe ƙarƙashin waya mai ƙaya. Shekaru da dama hukuncin wanda ya kasa tsallake shinge shi ne ya kwanta ƙasa ya tashi ya yi tsalle har sau 30, wanda hakan kan karya gwiwar sabon shiga fiye da gudun kansa.

Tough Mudder kuwa an gina shi ne a kan taimakon juna. A yawancin rukunoninsa ba a damu da lokaci ba, wasu shingayen ma, kamar katangar nan mai santsi da ake kira Everest, da wuya mutum ya haye ta sai waɗanda suka riga shi sun miƙo masa hannu. Sai dai akwai tsunduma cikin ruwan ƙanƙara, akwai kuma ratsa wayoyi masu ɗauke da wutar lantarki, don haka mai ciwon zuciya ko farfaɗiya ya kauce wa shingen lantarkin, kuma an yarda a kewaye shi.

A ganina, wanda bai taɓa yi ba ya sayi tikitin gajeren zango, ya tafi da abokai, kuma ya saya da wuri domin farashi yana hawa ne gwargwadon kusantowar ranar. Ya kuma duba ko kuɗin ajiye mota da na ajiye jaka suna cikin farashin da aka nuna.

Inda nake ganin kuɗi ya fi cancanta a kashe shi ne takalmi. Takalmin gudun kwalta yana zamewa a laka, wani lokaci ma laka ta riƙe shi ta bar mutum da safa. Ana bukatar mai haƙora masu zurfi a tafinsa, irin su Inov-8 X-Talon ko Salomon Speedcross, a ɗaure shi tam. Kada a ruɗu da wanda aka ce ruwa ba ya shigarsa, domin idan ruwa ya shiga ta sama ba zai fita ba, sai a yi ta jan nauyinsa har ƙarshe. Haka rigar auduga take, tana shan ruwa ta yi nauyi ta goge fata, gara mai saurin bushewa mai kama jiki. A kiyaye haɗiye ruwan lakar, saboda galibi a gonaki ake shirya tseren kuma an sha samun ɓarkewar gudawa bayansa. Duk wani rauni a wanke shi da ruwa mai tsabta da zarar an gama.