Shagon turi na Ƙofar Ƙaura da wasannin Ƙasimu Yero

Yawancin masu turin fina-finai a Katsina, in ka ce kana neman Karambana, tsohon wasan kwaikwayon Hausa na talabijin, kallon baƙo za su yi maka. Ban da wani yaro mai ɗan shago kusa da Ƙofar Ƙaura. Cewa ya yi, "Baba, na Ƙasimu Yero? Kawo memorinka." Nan take ya tura min, ya haɗa da Magana Jari Ce, har da guntayen Cock Crow at Dawn, wasan Turancin nan na NTA da marigayin ya fito a matsayin Uncle Gaga.

Hoton ya dushe, don daga tsofaffin kaset aka kwafo, wani wurin ma murya na riga baki. Amma Ƙasimu na nan yadda na san shi. Ya ɗage gira, ya karkace baki, kafin ya ce uffan ka riga ka gane wane irin mutum ne ya shigo, da Hausa ne ko da Turanci. Tun da ya rasu a 2017, Allah ya jiƙansa, ban ga kamarsa ba.

Ƙorafina ɗaya ne: yaron bai jera wasannin kashi-kashi ba, sai ka yi ta lalube. Kuɗinsa da sauƙi, kuma yana gwada maka a wayarka kafin ka biya.