Kwalbar kyandir: a sake cika ta ko a yi shuka a ciki?

Mutane sun sha tambayata abin da ya fi dacewa da kwalbar kyandir bayan ya ƙare: a sake zuba mata kaki, ko a mayar da ita tukunyar shuka ta ado?

Ko wanne aka zaɓa, sai an fara cire ragowar kakin. Idan kwalbar ta kwana a firiza, kakin zai tsuke, ya ɓanɓaru da bakin cokali. Kada a zuba narkakken kaki a magudanar ruwa, domin yana daskarewa ya toshe ta.

Ta fuskar kuɗi, shuka ta fi sauƙi, tunda ƙasa da tsakuwa da ɗan tsiro kawai take buƙata, alhali sabon kyandir sai an sayi kaki da lagwani. Wurin haɗari kuwa shi ne ya fi damuna: gilashin da ya daɗe yana shan zafi yakan yi tsaga siririya wadda ido bai cika gani ba, kuma idan lagwanin ya yi wa kwalbar girma, wutar na iya fasa ta. Ita shuka matsalarta rashin ramin tsiyayar ruwa, wanda kan sa saiwa ta ruɓe idan aka cika ban-ruwa.

Kyandir yakan ƙare cikin makonni, tsiro kuwa yakan yi shekaru idan ya samu kulawa.

Mai haƙurin auna lagwanin da ya dace da kwalbar, wanda kwalbarsa ke da kauri kuma ba ta da tsaga, kyandir ya dace da shi. Gidan da ke da ƙananan yara da taga mai haske, shuka ta fi masa.