Jakar cefane ta yadi: babbar ta biya, ƙaramar ta ɓata mini rai

Tunkiyata ce ta sa na nemi jakar nan tun farko. Bara gab da Babbar Sallah ta daina cin dusa, ciki ya kumbura, tana ta ramewa, dole aka yanka ta. Da mahauci ya farke tumbin, sai ga baƙar leda da santana sun cure wuri guda, sun kusa kai girman ƙwarya. Tun ranar nake ƙyamar ganin leda a tsakar gidana.

Wata mai ɗinki na gani tana tallar jakunkunan cefane a WhatsApp, na karɓi biyu, babba da ƙarama. Kuɗin ba laifi.

Babbar kam ta ba ni mamaki. Zuwana Yankaba na farko na loda mata albasa, dankali, kabeji da doya biyu, har ɗan adaidaita sahu yana cewa, "Hajiya, hannun nan fa zai tsinke." Bai tsinke ba, ga shi wata huɗu ke nan. Ɗinkin hannun ninki biyu ne, gindin kuma an yi masa shafi da buhu. Da can nakan dawo da leda goma ko fiye, yanzu sai ta nama da ta niƙa. Sai dai masu kaya hannunsu ya saba, kafin ki buɗe jaka sun riga sun ƙulla leda, sai kin yi saurin cewa a juye miki.

To amma ƙaramar! Ruwa ya kama ni ina dawowa daga Kasuwar Rimi, na rungume ta a ƙirji don kada garin da ke ciki ya jiƙe. Ina shiga gida na ga farin mayafina ya koma shuɗi tun daga kafaɗa har ƙasa. Ashe rinin zuba yake. Mayafin nan yayata ce ta kawo mini tsaraba daga Umara. Na jiƙa shi kwana biyu, na wanke har hannuna ya yi zafi, tabon yana nan. Da na kira mai ɗinkin, cewa ta yi, "Ai Anti, sai kin fara jiƙa ta a ruwan gishiri." Me ya hana ki faɗa mini ranar da na ba ki kuɗina? Ko haƙuri ba ta ba ni ba.

Abin ya ƙona mini rai ne don ina son sana'ar nan ta ɗore. Ruwanda ta hana leda tun 2008, Kenya a 2017, ba su fasa cefane ba, mu kuwa duk damina leda ke toshe mana kwatami ruwa ya shigo gidaje. Har na fara yi wa maƙwabta tallar jakar, yanzu na ja bakina.

Babbar ina tare da ita kullum. Ƙaramar na mayar da ita ta zuba gawayi. Duk mai saye ta zaɓi marar rini, ko ta goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a jiki kafin ta biya.